Wa ke tantance guru? Shari'ar Maharaj a Bombay, 1862

A addinin Hindu, ilimin da ke kai mutum ga tsira ba a ɗaukarsa daga littafi kaɗai. Daga bakin malami ake karɓarsa, wanda suke kira guru. Asalin wannan a tarihi yake: an yi ƙarnoni ana haddace littattafan Veda ba tare da rubutu ba, saboda haka in malami ya kuskure lafazi, kuskuren ya bi almajiransa. Littafin Mundaka Upanishad ya gindaya sharaɗi biyu: guru ya ƙware a nassi, kuma ya tabbata cikin sanin Brahman, wato haƙiƙar da suke ganin ita ce tushen komi. Na farko ana iya jarraba shi. Na biyu kuwa, wa zai auna?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce parampara, jerin malamai daga wannan zuwa wancan (masu ɗariƙa za su ce salsala, ko da yake kada mu ja kamancen da nisa). Amma jerin yakan rikiɗe ya zama gadon jini. Haka ya faru a tafarkin Pushtimarg da Vallabhacharya (1479-1531) ya kafa: zuriyarsa maza suka gaje matsayin, ana ce musu Maharaj, kuma attajiran Gujarat mazauna Bombay (Mumbai ta yau) suna cikin manyan mabiyansu.

A shekarar 1860 Karsandas Mulji, wanda shi ma daga gidan mabiyan ya fito, ya zargi Jadunathji Maharaj a jaridarsa Satya Prakash da yin lalata da matan mabiya da sunan ibada. Maharaj ya kai ƙara kan ɓata suna, yana neman diyyar rupi 50,000. A watan Afirilu na 1862 kotun ƙoli ta Bombay ta yanke cewa zargin ya tabbata.

A ganinmu, abin lura ba hukuncin ba ne. Mulji bai ce a yar da guru ba. Cewa ya yi waɗannan sun kauce wa nassin farko, wato da ma'aunin gida ya auna su. Sai dai ma'aunin a hannun baƙi ya faɗa: alƙalai biyu Turawa, Matthew Sausse da Joseph Arnould, su suka saurari hujjoji kan abin da ke sahihin addinin Hindu. Cikin waɗanda suka ba da shaida kan nassoshin har da John Wilson, ɗan mishan daga Sikotilan.