Tarihin Taswirar Dajin Sejburash na Yammacin Amurka

A yammacin ƙasar Amurka, tun daga gindin duwatsun Siyera Nebada har zuwa bayan duwatsun Roki, Allah ya shimfiɗa wata ƙasa mai tudu, mai ƙarancin ruwan sama da tsananin sanyin hunturu, wadda ta ratsa jihohin Nebada da Yuta da Aidaho da Oregon da Wayomin da Montana. Kuma abin da ya lulluɓe ta, iyakar ganin ido, shi ne wani gajeren itace mai ganye toka-toka da ƙamshi mai ɗaci, wanda mutanen can ke kira sejburash, dangin tazargaden nan namu ne a wajen masana tsirrai. Tsayinsa galibi bai wuce ƙugun mutum ba, amma saiwarsa tana nutsewa can ƙasa neman laima, kuma akan sami wanda ya shekara ɗari yana raye. Kafin zuwan Turawa, al'ummomin Shoshoni da Fayut da Yut ne ke zaune a wannan daji, suna tufka igiya da saƙa takalma da ɓawonsa, suna magani da ganyensa, suna girki da itacensa, kuma babu wata maɓuɓɓuga ko mashigin dutse da ba su sani ba, ko da yake ilminsu a ƙirji yake ajiye.

Taswirar farko da ta shahara ita ce wadda ta fito a 1845, bayan tafiyar John C. Frémont ta 1843 da 1844, wanda ya gane cewa akwai wani makeken yanki a tsakiyar wannan ƙasa da ruwansa ba ya fita zuwa teku, sai dai ya ƙare a tafkunan gishiri ko ya ƙafe a hanya. Mai zana masa taswira, wani Bajamushe da ake kira Charles Preuss, mutum ne mai kiyaye amanar sana'arsa, domin abin da idonsu ya gani shi yake sa wa a takarda, inda kuwa ba su taka ba sai ya bar shi fari fat. Amma ayarin baƙi da suka bi wannan taswira zuwa Oregon da Kalifoniya sun ɗauki farin takarda a matsayin hukunci a kan ƙasar, suka riƙa ganin dajin kufai ne da ya wajaba a ƙetare shi da gaggawa.

Daga nan sai zamanin masu safiyo ya zo. Tun 1785 dokar ƙasa ta tanadi a yanka filayen gwamnati murabba'i-murabba'i, kowane yanki mil shida tsawo mil shida faɗi, a kasa shi gida 36, kowane gida eka 640. Mutum biyu ke jan sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66, na gaba ya kafa tsinke, na baya ya zo ya zare, sai sun ja sarƙa 80 kafin a ƙirga mil ɗaya, sa'an nan a tara duwatsu a kusurwa, shugaban aiki ya rubuta 'yan kalmomi a littafinsa game da ƙasar da tsirranta. Manufar wannan taswira ita ce rabon mallaka, saboda haka layinta a miƙe yake, bai kula da inda ruwa yake ko inda dabba ke bi ba. A 1862 aka yi dokar ba kowane magidanci eka 160, adadin da ke ciyar da iyali a gabas mai damina, alhali a nan ko shanu kaɗan ba zai riƙe ba. John Wesley Powell, malamin da ya rasa hannunsa na dama a yaƙin basasar Amurka, ya yi wa majalisa nasiha a rahotonsa na 1878, cewa makiyayi na bukatar eka 2,560, kuma iyakoki su bi magudanan ruwa. Aka saurare shi, aka watsar da shawararsa.

Da hanyar jirgin ƙasa ta gabas da ta yamma suka haɗu a Yuta a 1869, sai garkunan shanu da tumaki suka kwararo ba tare da mizani ba, suka cinye ciyawar asali da ke tsakanin itatuwan, har hunturun 1889 zuwa 1890 ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa a Nebada. A guraben da aka kwakkwafe sai wata baƙuwar ciyawa daga Turai da Asiya ta sami gindin zama, wadda manoma suka laƙaba wa suna mayaudariya. Tana riga kowa tsirowa, ta shanye laima, ta bushe da wuri ta zama makamashi, idan wuta ta ci kuwa ita ce ke fara dawowa, alhali babban sejburash ba ya toho daga kututture, sai daga iri, kuma yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya mayar da wurinsa. Dokar kiwo ta Taylor a 1934, da kafa hukumar kula da filayen gwamnati a 1946, sun kawo tsari ga makiyaya, amma hukuma da kanta ta ci gaba da kallon itacen a matsayin mai tare wa ciyawa wuri, har a tsakiyar ƙarni aka riƙa fesa masa guba daga jirgin sama, ko a ɗaura sarƙar anka ta jirgin ruwa tsakanin katafila biyu a ja ta cikin daji tana tumɓuke shi. Duk wannan ɓarna ta auku ne ba tare da wani kundi da ke tattara jimillarta ba, domin kowa gabansa kawai yake gani.

Al'amari ya sauya a 23 ga Yuli, 1972, ranar da aka harba tauraron ɗan'adam na farko na jerin Landsat. Daga 1982 na'urar sababbin taurarin jerin ta kai ga rarrabe fili mai faɗin mita 30, tana komowa kan kowane wuri bayan kwana 16, kuma a 2008 aka buɗe taskar hotunan kyauta ga kowa. Hoton sama shi kaɗai ba hujja ba ne sai an gaskata shi a ƙasa, saboda haka ma'aikata kan shimfiɗa igiyar awo a cikin daji, su durƙusa suna rubuta abin da ke ƙarƙashin kowace alama, itace ne ko ciyawa ko tsurar ƙasa, sa'an nan a koya wa kwamfuta ta gane kamannin kowanne. Da haka Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka ta samar da taswirori na shekara-shekara da suka koma baya har 1985. A 2008 kuma Matthias Leu da Steven Hanser da Steven Knick suka wallafa taswirar sawun ɗan'adam a yammacin ƙasar, wadda ta haɗa hanyoyi da gonaki da wayoyin lantarki da rijiyoyin mai a fuska guda, ta nuna cewa cutarwar abu takan zarce inda aka kafa shi, kamar turken lantarki da ke ba hankaka wurin tsayawa ya hango ƙwan tsuntsaye.

Wanda ya fi kowa ba da shahada a wannan shari'a shi ne wani tsuntsu mai kama da zabo, wanda a hunturu kusan ba shi da abinci sai ganyen sejburash. Idan sanyi ya fara janyewa, mazansa kan taru da asuba a dandalin da kakanninsu suka saba, su baza jela mai tsini, su kumbura jakunkuna biyu rawaya a ƙirji suna fitar da amo, masu ƙidaya kuwa suna nesa da madubin hange suna lissafi. A 2015 gwamnati ta yanke cewa ba sai an sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa ba, bisa alkawarin kare mazauninsa; amma wani rahoto na 2021 ya nuna yawansa ya ragu da kashi 80 cikin ɗari tun 1965, wani na 2022 kuma ya ƙiyasta cewa kimanin eka miliyan 1.3 na dajin ke lalacewa kowace shekara, galibi saboda baƙuwar ciyawa da gobara da mamayar wasu itatuwa.

Haƙiƙa ilmin taswira ya yi doguwar tafiya, daga raba ƙasa tsakanin masu mallaka zuwa yi wa masu mallakar hisabi, kuma shawarar da masana suka fitar daga gare shi mai hikima ce: a fara da tsare wuraren da ke da sauran lafiya, sa'an nan a faɗaɗa daga gefensu, tun da rigakafi ya fi magani. Sai dai taswira shaida ce kawai, zartar da hukunci na hannun majalisa da makiyayi da mai haƙar mai. Magabatan da suka yi israfi a wannan daji suna da uzurin jahiltar yawan abin da suke ɓatawa. Mutanen yau, da aka ajiye musu lissafin kowace eka shekara bayan shekara, wannan uzuri ya faɗi daga kansu, kuma amanar da aka san nauyinta ita ce aka fi tsananta tambaya a kanta.