Ruwa Ba Sa'an Kwando Ba Ne: Yaƙin Tafkin Chadi da Gidanmu

A ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta, gona ta daɗe da yin kaɗan. Gandun kakanmu an raba shi har ya zama 'yan gayauni, abin da ake girbewa kuwa ba ya kai gida ga wata damina. Saboda haka da zarar an kai amfani rumbu, sai maza su kama hanyar ci-rani. Kawuna Doron Baga yake nufa, a bakin Tafkin Chadi, inda yake sayen kifi wurin masunta ya yi banda. Da kuɗin bandar nan aka saya mini littattafan sakandare.

A watan Janairun 2015 ya dawo mana ba shiri, daga shi sai rigar wuyansa. Ina yaro a lokacin, ban fahimci abin da ya koro shi ba sai da na karanci tarihi a jami'a. Ranar 3 ga watan ne mayaƙan Boko Haram suka afka wa Baga, suka ƙwace sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin, suka kashe mutane da yawa. Bayan haka aka sake fasalin rundunar, aka mayar da hedikwatarta Njamena, Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin suka haɗa ƙarfi. An ƙwato garuruwa da dama a tudu, amma ruwa ya gagara.

Dalilin haka yana cikin halittar tafkin kansa. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwan. Abin da ya rage shi ne fadama mai duhun ciyawa da ɗaruruwan tsibirai, waɗanda babban jirgi ba ya iya ratsawa, motar yaƙi kuma ba ta iya takawa. Mai ƙaramin kwalekwale da ya san hanya shi ne sarki a wurin. Tun zamanin daular Borno haka abin yake: Buduma mazauna tsibiran sun daɗe da 'yancinsu, domin mahayan dawaki ba su da yadda za su cim musu.

Da ƙungiyar ta dare biyu a 2016, ɓangaren ISWAP ya kafa sansani a tsibiran. A ƙarshen Disambar 2018 suka sake mamaye Baga, har da sansanin sojojin ruwa, kafin a ƙwato garin a farkon 2019. A watan Maris na 2020 aka kashe sojojin Chadi kusan 100 a Bohoma, abin da ya sa Shugaba Idriss Deby ya jagoranci farmakin ramuwa da kansa. A Oktoban 2024 kuma Chadi ta sake rasa sojoji kimanin 40 a Barkaram. Tsarin kusan ɗaya ne: soja ya zo da ƙarfi ya share wuri, maharan su nutse cikin tsibirai, ƙura ta lafa su dawo. Ficewar Nijar daga rundunar a 2025 ta ƙara buɗe ɓaraka.

Ba a nan kaɗai ƙarami ke wahalar da babba a kan ruwa ba. A Afrilun 2022 jirgin yaƙin Rasha mai suna Moskva ya nitse a Baƙin Teku. Yukren ta ce makamanta masu linzami ne suka same shi. Daga baya ƙananan kwalekwale marasa matuƙa suka tilasta wa Rasha kwashe jirage da dama daga Sebastofol. Manufar yaƙoƙin biyu ta sha bamban, amma dukansu sun nuna cewa girman makami ba ya maye gurbin sanin wuri.

A tafkinmu, masu wannan sani su ne masunta da manoma da makiyaya. Su kuwa suna tsakanin wuta biyu: mahara na karɓar haraji a hannunsu, hukumomi kuma sun sha hana cinikin kifi don toshe wa maharan hanyar kuɗi. Mutumin da aka raba da abincinsa da wuya ya buɗe baki ya nuna hanya. A ganina, ba za a ci wannan yaƙi ba sai ranar da masunci ya tabbata cewa zamansa da hukuma ya fi masa alheri.

Bana ƙanena ya ce da ni, “Yaya, in an gama kaka zan gangara Baga, an ce kifi ya dawo.” Kawu yana zaune a gefe, bai ce uffan ba. Na so in hana shi, amma na leƙa rumbu na ga geron da ke ciki ba zai kai mu bazara ba. Ruwan da ke sauka a ƙasar Kano yana bin Kogin Haɗejiya da Komadugu Yobe har ya faɗa Chadi, samarinmu ma hanyar suke bi tun kafin a haife ni. Na roƙe shi ya jira zuwa bayan Sallah, ya ce zai yi tunani.