Na'urar da ta leƙa tantanin ƙwayar ciwon huhun shanu

Duk wanda ke ɗauko shanu daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri zuwa Agege ko Akinyele ya san ciwon huhu. Sa ya riƙa tari, ya miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba yana haki. In an yanka, huhun ya manne da haƙarƙari, ga ruwan ɗorawa cike da ƙirji. Ni ɗan falken shanu ne, tun ina yaro nake jin ana cewa an yi wa saniya allurar fanisilin amma shiru kake ji. To, dalilin yana cikin wani tantani da ido ba ya gani.

Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko ta dabba ko ta cuta, tana lulluɓe da tantani na maiƙo mai ninki biyu. Kaurinsa bai kai nanomita 10 ba, alhali sai an raba milimita ɗaya gida miliyan kafin a samu nanomita guda. Madubin likita na asibiti, mai aiki da haske, ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Ita kanta ƙwayar ciwon huhu, wadda Nocard da Roux suka fara renonta a Faransa a 1898, girmanta kusan nan ya tsaya, balle tantaninta.

A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera wata na'ura a Jamus wadda ke harba ilektiron maimakon haske. Sai dai ba a jefa tsoka ciki haka nan, don cikinta babu iska, kuma maiƙo ba ya tare ilektiron, wato ko an duba ba a ganinsa. Dole a yi masa dabara.

Tsohuwar dabarar ita ce rini. Ana jiƙa ɗan yankin nama a sinadarin da zai sandarar da shi, sannan a sa masa osmiyom, wani ƙarfe mai nauyi da ke kama maiƙo kamar yadda baba ke kama zane a marina. Daga nan a binne shi cikin wani danƙo mai daskarewa, a yanka da wuƙar lu'ulu'u, kowane yanki bai wuce nanomita 100 ba. A hoto tantanin kan fito da baƙin layi biyu da fari a tsakani, sak layin dogo.

Ta biyu ta fi burge ni, wataƙila don na taso ina kallon mahauta suna fiɗa. Ana daskarar da naman a matsanancin sanyi, a fasa shi. A 1966 Daniel Branton ya nuna cewa tsagar tana bi ne ta tsakiyar ninki biyun nan, ta raba su kamar an ɗaye fata daga tsoka. Sai a fesa wa fuskar ƙarfen filatinom, a duba kwafin, a ga ƙwayoyin furotin warwatse cikin maiƙon. Ta zamani kuwa ba rini ba fasawa, daskarewa ce cikin ƙiftawar ido, yadda ƙanƙara ba ta samun damar tsaga komai. Ita ta jawo wa Dubochet da Frank da Henderson kyautar Nobel a 2017.

To me aka gani a ƙwayar huhu? Yawancin bakteriya suna da katanga mai tauri a bayan tantaninsu, kuma aikin fanisilin kenan, ya hana ginin katangar har ƙwayar ta fashe. Ita wannan, dangin Mycoplasma, hotunan sun tabbatar ba ta da katanga sam. Tantanin maiƙon ne kaɗai, kuma wani ɓangare na kitsensa ma daga jikin saniyar take aro shi. Kun ga allurar ba ta da abin rusawa, kuɗi ne kawai aka zubar.

Akwai magungunan da ke taɓa ta, irin su oksitetrasaikilin da tailosin, amma a nan fa ake samun matsala. Tari na iya lafawa, sa ya miƙe ya yi kyan gani, alhali ƙwayar ta ƙulle a wani ƙullutu cikin huhu har tsawon watanni. Ba ta jure rana da bushewa, don haka ta numfashi take bi daga hanci zuwa hanci. Ku auna shanu cunkushe a tirela kwana biyu ko uku zuwa Ikko, an haɗa na Cadi da na Kamaru da suka shigo ta Gamborun Ngala da na gida.

Shi ya sa likitocin dabbobi suka fi ƙarfafa rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar, kuma kariyarta ba ta daɗewa, sai an maimaita duk shekara. Mai lodi a Maiduguri, in ya ji tari a garke, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Maiduguri da asibitin dabbobi na jiha. Ya ware mai tarin, a duba shi kafin a hau mota.