Faɗa-wutan dankali: ƙwaron da ke ƙetare Sahara

Masu lambun dankali sun san wata ƙatuwar tsutsa mai ƙaho a wutsiya, wadda ke cin ganye har ta bar jijiya kaɗai. Masana suna kiran uwarta Agrius convolvuli. Babban faɗa-wuta ne, yana fita bayan magariba.

Idan ya buɗe fukafukai, faɗinsa ya kai santimita 8 zuwa 12. Fukafukan toka-toka ne kamar ɓawon icce, shi ya sa in ya sauka jikin gawo da rana ba ka ganinsa. Sai ya tashi za a ga zane-zanen ja-ja da baƙi a gefen cikinsa. Abin mamakinsa shi ne baki: tsinke ne siriri da ya fi jikinsa tsawo, a naɗe yake, sai zai sha ruwan fure ya miƙe shi, yana tsaye cikin iska bai sauka ba.

Ana samunsa a faɗin Afirka, da Asiya, da Ostareliya. Kowace shekara wasu suna ƙetare hamada da teku zuwa Turai, har Ingila, amma sanyin arewacin can ba ya barin zuriyarsu ta kai wata shekara. Ƴan uwa da ke Faransa, in kun gan shi kan fure wajen watan Agusta ko Satumba, ku gaishe shi, wataƙila ɗan gida ne!

Uwar tana saka ƙwai ɗai-ɗai a kan ganye. Tsutsar tana cin ganyen dankali da sauran yaɗo na danginsa, tana girma har kusan santimita 10, wata kore, wata ruwan ƙasa, da layuka a karkace a gefe. Wancan ƙahon da yara ke gudu ba ya harbi, ba shi da dafi. In ta ƙoshi sai ta shige ƙasa ta zama kwanso ja-ja mai lanƙwasa a kai kamar hannun buta.

In tsutsotsin ba su da yawa, mu a ganinmu sayen magani asarar kuɗi ce. Ku duba ƙarƙashin ganye da sassafe, baƙin kashinsu a ƙasa zai nuna muku inda suke, ku tsince da hannu. Bayan an haƙe dankali kuma a kafce wurin, kwanson ya fito fili, kaji su samu rabonsu.