Daga Daɓe Zuwa Leda: Tarihin Sharar Gidajenmu

Tunda bikin cika shekara ne, bari mu waiwayi aikin da ba a biyanmu ladansa a hannu, wato gyaran gida.

A zamanin iyayenmu, daga Ikara har Makarfi da Hunkuyi, mace ba ta gyara ɗaki ita kaɗai. In za a kai amarya, matan unguwa ne ke taruwa da madaɓi, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta daɓe ana waƙa har ƙasa ta yi sumul. Tukwane da toka ake wanke su, tufafi da sabulun salo. Sharar ma ba asara ba ce. Tukar rake da kashin awaki duk juji suke tafiya, kafin damina maza su kwashe a mangala, jaki ya kai gona.

Hukuma ma ta sa ido. Zamanin En'e akwai duba-gari, mai leƙa randa da makewayi, gidan da ya samu da ƙazanta a ci shi tara. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta kawo yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 aka ƙara da tsaftar muhalli, har sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta zama al'ada.

To me ya canja? Siminti ya kori daɓe, gayyar mata ta tafi da shi. Sannan leda ta shigo, musamman ta fiya wata daga shekarun 1990. Ita kuwa ba ta ruɓewa. Ta toshe kwata, sauro ya samu gida, akuya ta haɗiye ta mutu, gona ma ba ta son ta. Yau uwa ɗaya ce da shara, wanke-wanke, yara da sana'a, in gida ya hargitse a ce ƙazama ce. Haba! Ba lalaci ba ne, hannuwa ne suka ragu, shara ta ƙaru.

Shi ya sa muke cewa, yadda muke haɗa adashi, mu haɗa hannu. Mai jego da tsohuwa a kai musu gayya. Leda a ware ta daban, mai ruɓewa ta koma gona. 'Ya'yanmu maza su ma a miƙa musu tsintsiya. Sili ɗaya dai ba ya shara.

Allah Ya ƙara mana haɗin kai, amin.