Daga Alƙalamin Playfair Zuwa Taurarin Firinta: Tarihin Jadawalin Sanduna

Ƙarancin alƙaluma ne ya haifi jadawalin sanduna. A 1786 William Playfair, ɗan ƙasar Sikotland, ya wallafa littafinsa The Commercial and Political Atlas, inda ya nuna cinikin Ingila da ƙasashen waje ta hanyar layuka masu bin shekaru. Da ya zo kan Sikotland, bayanan shekara guda kawai ya samu, daga Kirsimetin 1780 zuwa na 1781. Shekara ɗaya ba ta isa a ja layi ba, don haka ya ware wa kowanne daga cikin wurare 17 sanduna biyu a kwance, ɗaya ta kayan da aka shigo da su, ɗaya ta waɗanda aka fitar.

Bayan kusan ƙarni biyu, masu rubuta manhaja suka gamu da nasu ƙarancin. Firinta irin IBM 1403 ta 1959 haruffa kawai take bugawa, iyakarta 132 a layi. Sai suka riƙa jera alamar tauraro a madadin sanda. Manhajar za ta karanta fayil ɗin rubutu layi bayan layi, ta ɗauki suna da adadinsa, ta nemo adadi mafi girma, sannan ta raba ma'auni. Idan mafi girman 600 ne, gurbin takarda kuma 60, kowane tauraro na wakiltar 10 ke nan.

Da yake firinta daga sama take gangarowa, sanda a kwance ta fi sauƙin bugawa. A littafinsu na harshen C na 1978, Brian Kernighan da Dennis Ritchie sun ba ɗalibai aikin zana tsawon kalmomi ta wannan siga, suka kuma nuna cewa tsayar da sandunan ya fi wuya.

Zuwan gnuplot a 1986 da Matplotlib na John Hunter a 2003 ya sauke wa mutane nauyin wannan lissafi, amma alhakin ma'aunin yana nan a wuyan mai zane. Sanda da tsawonta take magana, shi ya sa dole ta tashi daga sifili. Idan aka fara ma'auni daga 90, sandar 100 za ta ninka ta 95 a ido, alhali bambancinsu 5 ne kacal. Duk mai karanta rahoton kasafin kuɗi ko sakamakon zaɓe, ya fara duba inda sandunan suka tashi.