Matsananciyar gajiyar aiki tsakanin likitoci da rawar da jagorancin ƙwararru ke takawa

Matsananciyar gajiyar aiki yanayi ne da ke samun ma'aikaci idan matsin aiki ya daɗe a kansa babu sauƙi. Masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya yi bayaninta a 1974, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, ba cuta ba. Alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Ga likita, hakan na iya kai shi ga kuskure a kan majinyaci ko barin aikin baki ɗaya.

A Nijeriya, ƙarancin likitoci na ƙara tsananta lamarin. A watan Maris na 2024, Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisi kusan 55,000 ne a ƙasar, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Nauyin da suka bari ya faɗa wuyan waɗanda suka rage, ciki har da na Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, inda ake turo majinyata daga jihohin da ke kewaye.

Jagorancin ƙwararru tsari ne da likita ke ganawa a asirce da jagoran da ya samu horo, lokaci-lokaci. Jagoran ba ya ba da magani, kuma ba ya koyar da likitanci. Tambayoyi yake yi, har likitan ya gane abin da ke cin ransa, ya tsara lokacinsa, ya raba aiki da abokan aikinsa, ya kuma ware wa iyalinsa nasu lokacin.

Wani gwaji da Asibitin Mayo na Amurka ya wallafa a 2019 ya shafi likitoci 88. Rabinsu sun gana da jagora ta waya sau shida cikin wata biyar. A cikinsu, adadin masu fama da gajiyar ya ragu da kimanin kashi 17 cikin ɗari, alhali ya ƙaru da kimanin kashi 5 a cikin sauran.

Sai dai jagoranci ba ya cike gurbin likitan da ya tafi, ba ya biyan bashin albashi, kuma ba ya rage sa'o'in kwana a asibiti. Waɗannan su ne koke-koken da Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, NARD, ta sha shiga yajin aiki a kansu. A watan Agustan 2024, Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya domin inganta yanayin aikinsu. Jagoranci zai fi amfani idan ya tafi kafaɗa da kafaɗa da irin wannan gyara.